Rana Ba Ta San Ɗan Gida Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane, tun daga Yamai har Damagaram, cewa wanda aka haifa cikin zafin Afrilu da Mayu ya riga ya gama da rana, babu sauran wani zafi a duniya da zai ba shi tsoro. Ɗan kasuwa yakan faɗe ta in ya ga Bature ya sauko daga mota yana fifita da jarida. Ma'aikaci yakan faɗe ta in ya ji rediyo na cewa an rufe makarantu a Faransa don zafi ya kai digiri 38. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya cikinta. Amma labarin wani Ba'adare mazaunin kudancin Faransa, wanda ya ɗauki wannan magana ya shiga da ita wata gasar gudu cikin tsakiyar bazara, ya isa ya sa mai karatu ya sake ɗora ta bisa sikeli.

Wasanni uku a jere

Wasan da ya shiga ana ce da shi tiriyatalon, ma'ana wasanni uku da ake yi a jere ba tare da hutawa ba: a fara da iyo cikin ruwa, a fito a hau keke, a sauka a gama da gudun ƙafa. Agogo ba ya tsayawa tun daga busa ta farko har mutum ya tsallake layin ƙarshe, ko lokacin sauya takalmi ma ana lissafa shi. An yi irinsa na zamani karon farko a San Diyego ta ƙasar Amurka cikin Satumban 1974, da mutum 46. A 1978 aka ƙirƙiro mafi tsanani a tsibiran Hawai, wanda ake kira Ironman: iyo na kilomita 3.8, keke na kilomita 180, da gudu na kilomita 42. Mutum 15 suka tashi, 12 suka kai. A shekarar 2000, a birnin Sidni, wasan ya shiga gasar Olimpik da zango mafi sauƙi, wato iyo na kilomita 1.5, keke 40, gudu 10.

Abin da ya fito da sunan wasan a duniya shi ne wahalar wata sabuwar shiga. Cikin Fabrairun 1982 wata ɗaliba mai shekara 23, Julie Moss, wadda ba ta da wani tarihi a wasan, ta samu kanta a gaban dukan mata a gasar Hawai. Saura ƙiris ta kai, sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe, daƙiƙa 29 bayan wadda ta ci. Talabijin ya nuna wa duniya wannan rarrafe, dubban mutane suka ce su ma sai sun gwada. Tun daga nan wasan ya gaji wata al'ada ta ganin girman wanda ya kai kansa bakin halaka.

Shi kuwa reshen da Ba'adaren ya zaɓa, na daji ne. An fara shi a tsibirin Maui cikin 1996, daga baya ya yi suna da XTERRA. Maimakon kwalta mai santsi, ana tuƙa keken duwatsu kan ƴar hanyar awaki mai hawa da gangara, ana gudu cikin tsakuwa da rairayi da saiwoyin itace. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Conrad Stoltz, ya ci kambin duniya na wannan gasa har sau huɗu. Zangon bai kai na Ironman tsawo ba, amma duk wanda ya taɓa tura keke a kan tudu ya san kilomita ɗaya na dutse ya fi uku na kwalta.

Mutumin da takardar likita

An haifi mutumin a wani gari na ƙasar Adar, ya yi lise a Tawa, ya samu bursu ya tafi karatun lissafin kuɗi a Mompeliye, ya zauna can yana aikin kwantabul a wani kamfanin gine-gine. Shekara 19 ya yi tsakanin kujera da kwamfuta, da gida mai na'urar sanyaya ɗaki, da mota. Yana da shekara 41 sai likitan wurin aiki ya auna shi ya ce jininsa ya hau, sukarin jikinsa kuma yana bakin iyaka, in bai motsa ba to ya shirya shan ƙwaya har ƙarshen ransa. Mahaifinsa da hawan jini ya rasu, bayan shekara huɗu yana kwance gefen jikinsa ɗaya ba ya motsi. Mutumin yana da ɗa mai shekara 9. Bai bukaci a yi masa dogon bayani ba.

Ya fara da tafiyar ƙasa, ya koma sassarfa. Wani abokin aikinsa ya sayar masa da keken duwatsu na hannu a kan euro 400, wato jika 262 da ƴan kai na sefa, kuɗin da bai taɓa gaya wa mutanen gida cewa keke ya saya da su ba. Iyo ne ya fi ba shi wuya. A garinsu tabki na damina ne, kuma yaron da aka kama cikinsa bulala ce rabonsa, saboda haka ya girma yana ganin ruwa mai zurfi kamar kabari. Ya yi watanni takwas yana zuwa pisin ta unguwa da asuba, cikin aji ɗaya da tsofaffin mata da ƙananan yara, har ya iya kai gefe da gefe sau arba'in bai tsaya ba. Da ya ga haka, sai ya sa sunansa a wata gasa da ake yi a ƙarshen Yuni a bakin wani tabki na cikin tuddai, ba nisa da garin da yake: iyo na kilomita 1, keke 22, gudu 8. Likitansa ya sa masa hannu a takarda, tare da gargaɗin kada ya yi gasa da kowa.

Dukan horon nan cikin sanyin hunturu da na bazarar Turai ya yi shi, da sassafe ko bayan magariba. Sai ga shi ana saura kwana biyar, masu hasashen yanayi suka ce wata iska mai zafi na tasowa daga kudu. Wannan yanki ya san irinta, don a cikinsa ne, a ƙauyen Vérargues, aka auna digiri 46 ranar 28 ga Yunin 2019, zafin da ba a taɓa rubuta kamarsa ba a tarihin Faransa. Masu shirya gasar suka aiko da saƙo cewa an dawo da lokacin tashi daga ƙarfe 10 zuwa 8 da rabi, an ƙara wuraren shan ruwa, kuma wanda ya ga ba zai iya ba ya janye babu laifi.

Matarsa ta ce ya janye. Da dare ya kira wansa, wanda ke da rumfar atamfa a kasuwar Tawa, ya ba shi labari. Wan ya yi dariya har da tari.

"Haba ƙanena! Ranar Turawa ce za ta kore ka? Kai da ka yi kiwon awaki cikin Mayu ba takalmi?"

"Yaya, sun ce zai kai 38."

"Mu nan yau 44, ga ni zaune ina shan shayi. Je ka nuna musu."

Daga bayan wayar ya jiwo muryar mahaifiyarsu tana tambayar abin da ake wa dariya. Da aka gaya mata, abin da ta ce kawai shi ne a faɗa masa kada ya yi wasa da rana. Maganar wan ta fi yi masa daɗi, da ita ya kwana.

Ruwa

Tun ƙarfe 8 na safe inuwa ta fara tsada a bakin tabkin. Labari na farko da ya tarar bai yi masa daɗi ba: an auna ruwan an ga ya yi ɗumi fiye da kima, don haka an hana sa rigar roba. Doka ce ta wasan, in ruwa ya wuce kimanin digiri 24 rigar tana dafa mai ita. Amma wannan riga ita ce ke ɗaga sabon shiga bisa ruwa kamar gora, kuma da ita ya yi duk lissafinsa.

Aka busa, mutum wajen ɗari biyu suka afka ruwa lokaci guda. Wanda ya saba da pisin, inda kowa ke da layinsa kuma ana hangen ƙasa, bai san wannan ba. Nan ruwan kore ne ba a ganin komai, ƙafar wani na dukan fuska, hannun wani na danna baya. Bai yi mita 200 ba numfashinsa ya sarƙe, ya sha ruwa sau biyu, tsoron yarinta ya taso masa gaba ɗaya. Ya juya ya kwanta rigingine kamar yadda malamar iyo ta koya masa, yana kallon sama yana karanta abin da ya sawwaƙa, har taron ya yi gaba ya bar shi. Wani mai ƙaramin kwalekwale ya matso ya tambaye shi ko a fitar da shi, ya girgiza kai. Da iyon kwaɗo ya ƙarasa sauran, ya fito bayan minti 34, cikin mutum goman ƙarshe. A filin ajiye kekuna, wanda da safe ya cika maƙil, nasa na tsaye kusan shi kaɗai.

Tudu

Kunya ta kama shi, kuma kunya muguwar mai ba da shawara ce. Ya hau keken da niyyar fanshe abin da ruwa ya ci masa. Ƙasar wurin ja ce kamar marmara, ba itace sai ƴan gajerun sarƙaƙƙiya, gyare na ta kuka ko'ina. A hawan farko ya wuce mutum huɗu, a na biyu ya wuce shida. Ya ga Turawa fuskokinsu sun yi jajir suna haki, ya ji maganar wansa na yi masa kirari cikin kunne.

A nan ya kamata a tsaya a dubi abin da ke faruwa cikin jikin mai irin wannan aiki. Jikin ɗan Adam yana zaune ne a wajen digiri 37. In tsoka na aiki, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar kaɗai na ƙarfin da take ƙonawa ke zama motsi, sauran duk zafi ne da dole a fitar. Babbar hanyar fitar da shi ita ce gumi, kuma gumin da ya bushe a kan fata shi ke sanyaya jiki, wanda ya ɗiga ƙasa asara ce. Mai tuƙa keke kan kwalta yana samun iska daga gudun da yake yi, ita ke busar masa da gumi. Mai hawan dutse kuwa yana zuba iyakar ƙarfinsa alhali tafiyarsa ba ta fi ta mai tafiyar ƙasa ba, saboda haka ga wuta a ciki, ga babu fifita a waje, ga dutse na mayar da zafin rana daga ƙasa. Zuciya kuma sai ta shiga tsaka mai wuya, don tsoka na neman jini, fata ma na neman jini domin ta sauke zafi, jinin kansa yana raguwa saboda mutum na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi cikin awa guda, hanji kuwa ba ya iya mayar da ruwa da irin wannan sauri.

Akwai kuma wani zalunci da wasan ke yi wa sabon shiga shi kaɗai. Gwanaye suna gama irin wannan zango cikin awa biyu, kafin rana ta take sun yi wanka suna inuwa. Wanda bai ƙware ba yana ninka wannan lokaci, wato mafi rauni shi ke haɗuwa da mafi tsananin rana.

Game da gadon da Ba'adaren ya dogara da shi, masana aikin jiki sun daɗe da sanin cewa sabo da zafi gaskiya ne. Wanda ya yi kwana 10 zuwa 14 yana aiki cikin zafi, ruwan jininsa yana ƙaruwa, guminsa yana fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita cikinsa yana raguwa, bugun zuciyarsa yana sauka. Sai dai wannan sabo kamar hajar da ba ta ajiyuwa ne: in aka daina shiga zafi, cikin ƴan makonni yake zubewa. Jikin da ya yi shekara 19 a biro mai sanyi ba ya riƙe da komai daga kiwon awakin Adar. Ko gwanayen duniya ba su tsira ba. A 2016 a Kozumel ta ƙasar Meziko, Jonny Brownlee na Ingila yana kan gaba zafi ya juya masa kai, sai da wansa Alistair ya riƙo shi ya kai shi layi. A gasar duniya ta Doha a 2019, ko da yake da tsakar dare aka yi gudun mata na kilomita 42, cikin 68 da suka tashi 28 ba su ƙarasa ba.

Wajen kilomita na 9 mutumin ya ji wani abu da bai taɓa ji ba: tsikar jikinsa na tashi, sanyi-sanyi na ratsa shi cikin wannan rana. Kansa ya fara sara. Ya dubi ƴar na'urar da ke kan keken ya ga 9, ya so ya san saura nawa cikin 22. Mutumin da ke rufe lissafin kamfani na shekara, ya juya wannan ɗan ragi cikin kansa sau uku bai samu amsa ba. Wannan ne ya ba shi tsoro fiye da ciwon kan.

Da ya sha wata kwana sai ya tarar da ƴan agaji uku durƙushe kan wani saurayi, ƙaƙƙarfa, mai keke mai tsada, wanda bai fi shekara 25 ba. Sun tuɓe masa riga suna kwara masa ruwan ƙanƙara a wuya da hammata da cinyoyi, ɗaya na kiran mota ta rediyo, saurayin kuwa yana surutai marasa kan gado yana ƙoƙarin tashi ya ci gaba. Abin da likitoci ke kira bugun zafi ke nan: zafin cikin jiki ya wuce digiri 40, hankali ya gushe, kuma in ba a sauko da shi cikin kamar rabin awa ba, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa na iya lalacewa, rai ma na iya fita. Mugun abin da ke cikinsa shi ne yana fara cin hankalin da mutum zai gane da shi cewa ya kamata ya tsaya.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba'adaren ya ƙara ƴan taku, ya ga wani ɗan itace mai inuwar da ba ta fi tabarma ba, ya sauka ya jingine keken ya zauna.

Abin da falke ya sani

A zaunen nan ne wani kawunsa ya faɗo masa a rai, tsohon falke da ya yi shekaru yana kora shanu a ƙasa zuwa kasuwannin kudu. Bai taɓa jin tsohon nan ya yi alfaharin jure rana ba. Abin da yake ba da labari kullum shi ne yadda suke tashi tun kafin assalatu, su yi tafiya har hantsi, su nemi gindin itace su sauke kaya, kada wanda ya motsa sai la'asar ta yi sanyi. Yakan ce yaron da ya ƙi zama da tsakar rana ba a sake ɗaukar sa tafiya, don wata rana gawarsa za a ɗauko.

Duk wanda ya duba da idon basira zai ga haka rayuwar Sahel take tun fil azal. Manomi yana gona tun duku-duku, kafin azahar ya dawo. Magini yana kwaɓa ƙasa da asuba. Ayarin gishiri mai ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma yana jiran zafi ya karye, wajen Oktoba, kafin ya ɗaura wa raƙuma kaya. Kokowar takobi ta ƙasa yawanci cikin sanyi ake yin ta. Da can ofisoshin gwamnati ma tashi suke da tsakar rana sai wajen la'asar a koma. Rawani da babbar riga da zaure mai kauri da randar ƙasa da fura mai tsami, duk dabarun kauce wa rana ne. Wan nasa da ke shan shayi cikin digiri 44, a zaune yake, ƙarƙashin rumfa, ba ya hawan dutse da keke. Abin da mutanen wannan ƙasa suka gada daga kakanninsu shi ne ladabin zama da rana, kuma wannan gadon, saɓanin na jiki, ba ya zubewa don mutum ya daɗe a Turai.

Ya yi minti goma sha biyu a gindin itacen. Mutum goman da ya wuce suka zo suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, wasu na tambayar ko lafiya. Ya cire hular kwano, ya jiƙa ƙyallen da ke aljihunsa ya naɗa a wuya, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan, ya ci ƴan dabino da wani biskit mai gishiri. Gishirin nan ba ƙawa ba ne. Wanda ke ta ɗirkar ruwa zalla yana zubar da gumi, gishirin jininsa na iya tsinkewa har ya suma, kuma wani bincike da aka yi kan masu gudun Boston na 2002 ya samu wannan matsala a jikin kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka auna. Da sanyin ya bar jikinsa, ya sake gwada lissafin. Saura 13. Ya kafa wa kansa doka uku: duk tudu zai sauka ya tura, duk wurin ruwa zai tsaya ya jiƙa kai da riga, in kuma lissafi ya sake ɓace masa, to gasar ta ƙare, zai zauna ya jira mota.

Ƙafa

Ya ajiye keken rana na tsaka, ma'auni ya doshi 38. A bakin filin wata likita ta tare shi, ta dube shi cikin ido, ta tambaye shi sunansa da ranar haihuwarsa da sunan garin da suke. Ya amsa duka, ya ƙara mata da cewa saura kilomita 8. Ta yi murmushi ta zuba masa ƙanƙara cikin hula ta ba shi hanya. Mutum biyu da suka iso tare da shi ba ta bar su sun wuce ba.

Abin da ya yi a wannan zango da wuya a kira shi gudu. Inda hanya ta bi gefen ruwa ko ta shiga inuwa yakan yi sassarfa, inda ta fito fili ya koma tafiya, yana ƙirga taku ɗari-ɗari don ya tabbata kansa na nan. A kilomita na 5 ya riski wata mata mai furfura tana tafiya tana ɗingishi, suka jera ba mai magana, in ya samu ruwa ya miƙa mata, in ta samu soso mai sanyi ta miƙa masa. Sun iso ana naɗe tutocin talla, mai lasifika ya gaji ya zauna. Ɗansa ya ƙetare igiya ya rugo ya kama hannunsa, suka tsallake layin tare, bayan awa 4 da minti 41. Mutum biyu kaɗai suka zo bayansa. Saurayin nan na kan dutse, an ce ya kwana asibiti amma ya tashi.

Ƴan Nijar sun san irin wannan zuwa na baya. A gasar Olimpik ta Landan a 2012, Hamadou Djibo Issaka ya shiga tseren kwalekwale bayan ƴan watanni kacal da fara koyo, ya zo na ƙarshe da tazara mai yawa, ƴan kallo suka miƙe suna yi masa tafi har ya kai. Ba'adaren bai samu tafi mai yawa ba, don masu tafin sun gudu inuwa. Da dare ya kira gida.

"To, na nawa ka zo?" in ji wan.

"Na uku, Yaya, in an faro daga baya."

"Me suka ba ka?"

"Wani ƙarfe mai igiya, da lemo ɗaya."

Wan ya yi salati yana dariya, ya ce wannan ciniki an yi faɗuwa. Tsohuwar ta karɓi wayar ta ce, "Da ƙafafunka ka koma gida?" Ya ce da su, Inna. Ta ce to alhamdu lillahi, ta miƙa wayar.

Abin lura

Da a ce wannan magana ta tsaya ga masu wasa a tuddan Faransa, da ba ta cancanci wannan shafi ba. Amma zafin da ake alfahari da shi yana ƙaruwa, kuma yana kisa a gida. A farkon Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, cikin watan azumi, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya karɓi gawa 102 cikin kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Dukansu ƴan gida ne, cikin rana aka haife su.

A lokaci guda kuma tsohon ladabin yana sukurkucewa. Ana gina ɗakin siminti da rufin kwano inda da ake yin soro. Ɗan kabu-kabu yana kan babur daga hantsi har la'asar. Lebura yana sauke buhunan siminti da ƙarfe ɗaya na rana don mai kaya na sauri, ana sa ɗalibai da masu neman aikin ɗamara gudu a lokacin da ko jaki ba a ɗora wa kaya. Wanda ya ce ya gaji sai a ce masa rago. Ya kamata mai shago da shugaban ma'aikata su san alamun da mutumin nan ya gani a jikinsa: jin sanyi cikin zafi, ciwon kai, jiri, amai, da uwa uba ruɗewar magana ko tafiya kamar mai maye. Wanda aka ga haka gare shi, a kai shi inuwa nan take, a rage masa tufafi, a kwara masa ruwa mafi sanyi da ke kusa ana yi masa fifita, sa'an nan a nemi likita. Sanyayawar ita ce gaba da komai, kada a tsaya jiran mota mutum na dahuwa. In hankalinsa ya gushe kada a ɗura masa ruwa a baki.

Shi dai Ba'adaren bai bar wasan ba. Jininsa ya sauka, likita bai rubuta masa ƙwayar ba. Ya sake sa sunansa a wata gasar, kuma da abokin aikinsa ya tambaye shi dalilin da ya sa ya tsallake duk na Yuli da Agusta ya zaɓi ta Oktoba, sai ya ce a ƙasarsu a watan nan ne ayari ke tashi. Allah ya raba bayinsa da sharrin zafi, ya kawo damina mai albarka.